Neman Ɗan Tayi Marar Gashi, Daga Ƙaraye Zuwa Gwangwan

Ana idar da sallar asuba ranar Asabar muka bar Kano, ni da yayana a tsohuwar motarsa, da kula cike da ƙanƙara a kujerar baya, da ƙananan kwalabe na ruwan adana nama da na jera a kwali kamar ƙwai. Waɗanda suka ga na ɗora hoton titi suna ta tambayata ko biki za ni. Ina fa biki. 'Yan tayin awaki na tafi nema, kuma kafin wani ya fara neman tsari da ni, ku tsaya in yi bayani.

Karatun digiri na biyu nake yi a kan yadda huhu ke ginuwa a cikin mahaifa. Duk dabbar da ke shayar da ɗanta nono, ɓera ne ko akuya ko mutum, huhunta yana farawa ne da ɗan tsiro a jikin bututun da daga baya zai zama hanyar abinci. Tsiron ya rabu biyu, kowane ya yi rassa, rassan su ma su yi nasu, har a kai ga ƙananan jakunkunan da iska ke shiga. Masu ba da umarnin wannan gini wasu furotin ne da aikinsu shi ne kunna ƙwayoyin gado da kashe su. Wanda na ƙwallafa rai a kansa sunansa NKX2-1. Na sani, ya fi kama da lambar mota, amma ni ko cikin barci aka tashe ni zan faɗe shi. Idan babu shi huhu ba ya yin rassa, sai ya tsaya a jaka marar amfani. Shi ne kuma daga baya yake sa a samar da ruwa mai santsi da ke hana jakunkunan iska mannewa idan jariri ya ja numfashin farko.

Don in nuna inda wannan furotin yake aiki a kowane mataki, ina buƙatar huhun 'yan tayi manya da ƙanana, irin waɗanda mahauta kan tarar ba zato bayan sun yanka akuya. Manya na samu a birni. Ƙanana, masu tsawon yatsa, ko ɗaya ba ni da shi, domin kafin in ji labari an wanke wuri. Malamar da ke duba aikina ta ce ranar Litinin za a rufe karɓar samfura, ruwan rina samfuran da aka sayo daga waje kuma wa'adinsa ya kusa ƙarewa. Na riga na ƙara shekara guda a karatun nan, makaranta kuwa ba ta ba da ta biyu. Wato kwana biyu gare ni, ko in dawo da ƙananan nan ko in tattara littattafaina.

Duk da haka murna nake yi, domin mako guda kafin nan na kira kawuna a Ƙaraye, ya ce yana da aboki mahauci, kuma an ajiye mini. Muka bi ta Kabuga gari bai gama wayewa ba, muka miƙa ta Rimin Gado. Lokacin kaka ne, ko'ina ka duba dawa ta sunkuyar da kai, an yanke gero an jingine dammuna, mata da maza sun duƙufa cirar gyaɗa. Mun tsaya wurin wani mai shayi, yayana ya sha da burodi yana mitar tsadar fetur, ni kuma na sayi ƙosai mai zafi wanda har yanzu ina tuna yajinsa. Ƙosan ya rage girma, kuɗinsa ya ƙaru, amma mai suyar ta yi mini gyara da ta ji Ƙaraye za ni. Hanyar tana da kyau a wasu wuraren, a wasu kuma sai ka rantse da gangan aka haƙa ramukan. Duk ramin da muka faɗa sai kwalabena su yi ƙara, ni kuma in yi salati, har yayana ya ce idan ban daina ba zai sauke ni in ƙarasa a kan jaki.

Hantsi ya ɗaga muka shiga Ƙaraye. Kawu malamin allo ne, mun same shi a zaure ɗalibansa na ta karatu. Aka yi gaisuwa irin tasu wadda ba a gaggawa: ina kwana, ina gajiya, yaya hanya, yaya mutan gida, yaya karatu, a koma kan gajiya kuma. Ƙafata na ƙaiƙayi in ga kayana, amma ba a tashi ba sai da matar Kawu ta ajiye mana soyayyen kifi daga madatsar ruwa da fura mai sanyi. Na ci don kunya, sannan na ƙara don daɗi.

Mahaucin yana wani ƙauye kusa da gari. Dattijo ne mai fara'a, ya tarbe mu kamar ya shekara yana jiranmu. Ya shiga gida ya fito da babban kwano an rufe shi da farin ƙyalle, ya ajiye a gabana yana murmushi. Na ɗaga ƙyallen. 'Yan tayi uku ne manya, halittarsu ta cika, gashi ya lulluɓe su, an wanke su tas an jera a kan ƙanƙarar da ya aika aka sayo daga gari. Irinsu ne cike da firjin ɗakin gwajinmu.

Na yi godiya, sannan na ce, "Baba, ba a samu ƙanana ba? Waɗanda ba su yi gashi ba?"

Ya dube ni, ya dubi Kawu. "Haba 'yata, ai ba a ba baƙo wannan. Ko yau da safe an samu biyu, ɗaya ma bai fi yatsana ba. Na sa an binne su tun kafin ku iso, kada ki gani ranki ya ɓaci."

Na mayar da ƙyallen na rufe kwanon. Kawu ne ya warware mini zancen. Ya ce a fiƙihun da suke bi, ɗan tayin da halittarsa ta cika kuma gashi ya fito masa, yankan uwarsa ya wadatar masa, halal ne. Wanda bai yi gashi ba kuwa mushe ne. To, ta yaya mutumin kirki zai ɗauki mushe ya miƙa wa 'yar malam, baƙuwa daga birni? Sai ya zaɓo mini na kirki, ya ɓoye na banza. Ni kuma da na kira waya cewa kawai na yi a ajiye mini 'yan tayi, ban ce wane iri ba. Laifin nawa ne ɗungurungum.

Na roƙa aka tona ramin. Banza. Rana ta dafa ƙasa, tururuwa sun riga ni, huhu kuwa nama ne marar haƙuri, in ba a tsoma shi a ruwan adanawa da wuri ba ya tashi daga aiki. Na koma gindin darbejiya na zauna, hawaye na neman kunyata ni a gaban manya. Mahaucin ya fi ni damuwa, sai cewa yake yi da ya sani, da ya sani.

Can Kawu ya ce in faɗa musu abin da nake nema a jikin abin da ko kare ba a ba. Na rasa ta inda zan fara, sai na tuna zaurensa. Na ce, "Kawu, ɗalibanka duk littafi ɗaya ne a gabansu, amma kai kake ce wa wannan ya tsaya a nan, wancan ya wanke allo a ƙara masa. Haka jiki yake. Kowace ƙwayar halitta tana ɗauke da littafin gado cikakke, na ido da na ƙashi da na huhu duk iri ɗaya ne. Furotin ɗin da nake bi shi ne mai zuwa ya buɗe shafi ya ce, ke nan za ki karanta, huhu za ki zama. Wani ɗan'uwansa kuma ya tsaya a ɗaya gefen bututun ya ce, ku hanyar abinci za ku zama. In suka saɓa, sai a haifi jariri hanyar iskarsa da ta abincinsa a haɗe. Ni so nake in gan shi a ranakun da yake fara biya karatun, shi ya sa sai ƙanana." Kawu ya shafa gemu, sannan ya ce ikon Allah ya wuce tunani, kuma wannan malamin nawa ya fi shi yawan ɗalibai.

Mahaucin ne ya ba mu shawara. Ya ce gobe Lahadi akwai wata kasuwar ƙauye da ke ci a gefen Gwangwan, ƙasar Rogo, kuma da kaka ana yanka awaki da yawa. Ƙananan ma sun fi yawa, in ji shi, domin cikin da bai girma ba ko gwani ba ya gane shi da hannu. Amma ya gargaɗe ni. Abin kunya ne a ce mahauci ya yanka mai ciki, 'yan'uwansa za su yi ta yi masa tsiya cewa idonsa ya mutu, don haka duk wanda ya gani ɓoyewa yake yi nan take. Ina jin an ce Gwangwan sai zuciyata ta yi tsalle, domin can aka yanke mini cibiya.

Bayan la'asar muka kama hanyar Rogo. Ban taɓa lura da kyan wannan yanki ba sai ranar. Gonakin rake kore shar a fadamu, masara a shanye a bakin hanya, amalanken shanu ɗauke da buhunan gyaɗa suna tafe ba ruwansu da hon ɗin yayana. Mun sayi mazarƙwaila da gasasshiyar masara, na ci har muƙamuƙina ya gaji. Daga Rogo muka sauka daga kwalta muka hau jar hanya, inda ruwan damina ya bar zane iri-iri. A wani kwari sai da na fita na rungume kwalin kwalabena na tsallaka a ƙafa, motar ta biyo ni tana nishi.

A Gwangwan gidan Inna muka sauka, goggon mahaifiyata, tsohuwar ungozoma wadda rabin garin ta hannunta suka zo duniya, har da ni. Ni bakwaini ce, wata bakwai aka haife ni, kuma Inna ba ta taɓa bari na manta ba. Tana hango ni ta ce, "Lale da 'yar auduga. Har yanzu ba ki yi ƙiba ba?" Ta tuƙa mana tuwon dawa da miyar ɗanyar kuɓewa da man shanu. Muna ci na ba ta labarin abin da ya faru a Ƙaraye, ta yi dariya har da tari, sannan ta ce gobe tare za mu, mahautan nan duk ta san ranar da aka haife su.

Da sassafe muna mayanka a bayan kasuwa, ni da farar rigata da safar hannu da rula ta awo da 'yar wuƙata, Inna da sandarta, yayana riƙe da kula. Muka gaisa da mahauta ɗaya bayan ɗaya, na yi bayani dalla-dalla, wannan karon har da nuna tsawon yatsa. Suka saurara cikin ladabi, sannan babbansu ya ce Allah ya ba da sa'a, amma su nan ba sa yanka mai ciki. Sauran duk suka gyaɗa kai.

Muka tsaya. Aka yi ta yanka ana feɗewa, masu tsire na zuwa suna kwasa, masu sayen kayan ciki na ciniki. Rana ta fara zafi, ƙanƙarata ta fara zama ruwa. Awakin da ke ɗaure suka ragu daga garke guda zuwa 'yan tsiraru, ni kuwa kwalabena ko ɗaya ban buɗe ba. Na fara tsara yadda zan gaya wa malamata, da yadda zan gaya wa mahaifiyata wadda ke ce wa kowa 'yarta ta kusa gamawa. Sai na hango wani mahauci mai jar hula ya juya mana baya, ya naɗe wani abu a ganye da sauri, ya tura ƙarƙashin kwanonsa. Na gani da idona, amma ba ni da bakin da zan ce wa magidanci ƙarya yake yi a gaban abokan sana'arsa. Na taɓa Inna na nuna mata da ido.

Inna ba ta dubi mai jar hula ba ma. Ta dogara sandarta ta tsaya a tsakiyar mayankar, ta yi magana kamar da kanta take hira.

"Kun ga wannan mai farar rigar? Ranar da na karɓe ta, a tafin hannuna ɗaya ta kwanta. Ja wur, ko gashin gira babu. Numfashi take ja ƙirjin na lotsawa. Mata suka ce a nemi ƙyalle, wannan ba mai zama ba ce. Na ce a'a, a kawo auduga. Kwana arba'in tana cikin auduga, ana ɗiga mata nono da cokali. Bayanta na karɓi irinta da yawa, wasu sun zauna, wasu sun koma, kuma har yau ban san abin da ya raba su ba. Ita ta ce za ta je ta gano. To in akwai mai abin da zai taimake ta, kunyarsa a kaina."

Mai jar hula ya sunkuya ya jawo ganyen, ya zo ya ajiye a kan murfin kulata bai ɗaga kai ba. A hankali ya ce shi ma matarsa ta haifi bakwaini bara, kwana biyu ya yi ya koma. Babu wanda ya yi masa tsiya.

Na buɗe ganyen. Ɗan tayi ne da bai kai ɗan yatsana na tsakiya ba, da ɗuminsa. Na auna tsawonsa don in ƙiyasta kwanakinsa, na buɗe ƙirjin a hankali, sai ga shi nan: huhu guda biyu, farare-farare, kowane bai kai ƙwayar gyaɗa ba. Na tsoma su a kwalba na rufe na rubuta lamba. Da na ɗago sai na ga mahauta sun kewaye ni, masu tsire ma sun bar wutarsu. Wani ya ce shekara talatin yana feɗe akuya bai san ɗan wannan abu yana da huhu ba. Kafin a tashi yanka, wasu biyu suka zo da nasu ganyen, ɗaya ma daga aljihu ya fito da shi, aka yi ta dariya. Daga ƙarshe babbansu, mai cewa ba sa yanka mai ciki, ya kawo na huɗu da kansa, ya ce wannan kuskuren maƙwabcinsa ne. Huɗu, kowane da girmansa. Na yi ta godiya har Inna ta ce in bari haka kada a zaci roƙo na zo.

Mun baro Gwangwan bayan azahar da tsarabar gyaɗa da kuka da daddawa. Yayana, wanda jiya yake faɗa wa kowane rami da gudu, yau lallaɓa motar yake yi kamar ya ɗauko amarya. Mun tsaya Ƙaraye na nuna wa Kawu da abokinsa kwalaben. Dattijon ya ɗaga ɗaya ya duba a hasken rana, ya ce daga yau in an samu marar gashi zai sa a kira ni kafin a kira mai fartanya. Muka shiga Kano ana kiran magariba, na sa kayana a firjin gida na rubuta a jiki cewa duk wanda ya taɓa ni da shi ne. Ranar Litinin tun kafin a buɗe ɗakin gwaji ina bakin ƙofa.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba shi da tsawo. In za ka roƙi mutanenmu abu, faɗi ainihin abin da kake so, domin su mafi kyau a wurinsu za su ba ka, kuma ma'auninsu ba lallai ya zama naka ba. Na kuma gane cewa farar riga da takardar makaranta ba su buɗe mini ko ganye ɗaya ba, tsohuwa mai sanda ce ta buɗe.

Ranar Alhamis aka gama yanka samfuran siri-siri aka rina su. Na sa mafi ƙanƙanta, na mai jar hula, a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Rassa ne ko'ina, suna ta rabuwa biyu-biyu, kuma a jikin kowane reshe ƙwayoyin halitta sun jeru da ɗigo mai ruwan ƙasa a tsakiyarsu. Furotin ɗina ne, yana bakin aikinsa a huhun da bai taɓa shaƙar iska ba. Shekara biyu ina karanta shi a takarda, yau ga ni ga shi. Malamata ta leƙa ta daɗe, sannan ta ce in je in fara rubutu. Ni kuwa tunanin da ya zo mini daban ne. Irin waɗannan ɗigon sun taɓa jeruwa a ƙirjina, sun yi aikin wata bakwai kacal aka tashe su, kuma abin da suka samu suka yi ya isa Inna ta ɗora da auduga da cokali. Ɗan mai jar hula nasa bai isa ba. Tsakanin nan ne aikina yake.

Na ɗauki hoton na tura wa wani maƙwabcin Inna mai babbar waya, na ce ya nuna mata. Da yamma ya turo mini muryarta. Ta ce ta gani, ya yi kama da reshen zogale. Ta ce ta nuna wa mai jar hula, ya daɗe yana kallo, kuma ya ce a gaya mini matarsa na da ciki, in yi sauri da karatun.